Na Ɓata a Unguwar da Na Tashi

Jiya na koma unguwar da na tashi, wallahi sai da na ɓata, ni da nake bin lungunan nan ko ido rufe. An faɗaɗa titi, an rushe layinmu kaf, benaye sun maye wurin. Da bishiyar bakin kwana kaɗai na gane inda ƙofarmu take. Ƙusar da muke rataya fitila tana nan a jikinta, duk ta yi tsatsa.

Ba gyaran nake ƙi ba. Ban manta yadda ruwan sama ke shigo mana ɗaki ba saboda rashin magudana, yanzu kuwa an yi ta. Amma wa ya ci moriyar? Da wuri ya yi kyau sai haya ta tashi, masu ƙaramin ƙarfi su tattara su koma bayan gari, nesa da wurin nemansu. Haka aka yi a Paris tsakanin 1853 da 1870, lokacin da Haussmann, jami'in gwamnati mai kula da birnin, ya keta tsofaffin unguwanni da manyan tituna, talakawa da yawa suka koma gefen birni.

Mutum biyar na tambaya labarin tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, babu wanda ya taɓa jin sunanta. Na daɗe tsaye a gindin bishiyar nan kafin na iya tafiya.