Barewar Hanyar Fortingall

Asabar, 24 ga Mayu

Dare a Sikotland a wannan watan suna ne kawai. Kafin ƙarfe biyar rana ta fito, shi ya sa da muka idar da sallar asuba Yaya ya ce kada mu koma barci, mu kama hanyar ƙauyen Fortingall tun motoci ba su yi yawa ba. Daga Perth muka bi babbar hanyar A9, muka ratse a Ballinluig zuwa Aberfeldy, muka haye kogin Tay ta gadar Janar Wade. A 1733 aka gina ta don sojoji su riƙa shiga yankin tsaunuka, kuma har yau motoci ke bi ta kanta. Fadar Menzies daga cikin mota kawai na hange ta.

Mun wuce Coshieville kaɗan Yaya ya taka birki a hankali ya ce, "Auta, dubi hagunki." Barewa ce, ƙaramar nan da suke kira roe, tsaye a bakin wata gona. Girmanta da jan jikinta sai ka ce akuyar Sakkwato, sai dai ƙafafunta sun fi tsawo da siranta. Hancinta baƙi ƙirin, haɓarta fara, kunnuwa manya a miƙe. Furfurar gashin hunturu ba ta gama zuba ba, akwai saura a wuyanta. Ta zuba mana ido, sai ta yi wani haushi irin na kare, ta juya ta tsallake katangar dutse. Farin gindinta ne kawai na ga yana tashi yana sauka har ta shige kurmi.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da wata kwance a gefen kwalta, mota ta buge ta cikin dare. Ƙarami ne namiji, ƙahonsa bai kai tsawon yatsa ba. Raina ya ɓaci sosai. Yaya ya ce lokacinsu ne: idan uwa ta kusa sabuwar haihuwa sai ta kori 'ya'yan bara, su fita neman wurin zama, ba su san hanya ba balle mota. Shi ya sa Mayu da Yuni aka fi buge su. Alamar nan mai kusurwa uku da jan baki, mai hoton barewa tana tsalle, mun wuce ta a hanya, kuma na tabbata yawancin direbobi ba sa ko sassauta ƙafa idan sun gan ta.

Fortingall layi ɗaya ne na fararen gidaje, wasu da rufin ciyawa. Sir Donald Currie, attajirin jiragen ruwa, shi ya sa aka sake gina ƙauyen wajen 1890. A wata gona kafin shiga gari akwai duwatsun da mutanen dā suka kakkafa, tumaki na kiwo a tsakaninsu. Can gaba akwai tudun Carn na Marbh da dutse a kansa, rubutun jikinsa na cewa waɗanda annoba ta kashe a ƙarni na 14 ne a ƙarƙashi, wata tsohuwa ce ta kwaso gawarwakin da farin doki. Na daɗe a tsaye ina tunanin matar nan, da ƙarfin zuciyar da ya sa ta taɓa abin da kowa ke gudu.

Abin da ya kawo mu dai wani tsohon itace ne da ake kira yew, a maƙabartar cocin ƙauyen. Masana na ba shi shekara 2,000 zuwa 3,000, wasu ma sun ce ya fi. Da marubuci matafiyi Thomas Pennant ya auna shi a 1769, kewayen gindinsa ya haura ƙafa 56. Yau babu wannan gindin, sai guntaye a rarrabe, an kafa turaku a ƙasa don a nuna inda ya kai a dā. Ba tsufa kaɗai ya cinye shi ba. Yara sun riƙa hura wuta a gindinsa lokacin biki, baƙi kuma kowa ya zo sai ya yanki ɗan guntu ya tafi da shi tsaraba, har aka kewaye shi da katanga a 1785. Masu son sa ne suka yi masa illa, kuma har yanzu akwai masu miƙa hannu su karyi reshe. Ta tsakanin ƙarafan katangar na leƙa shi, hakan ma ya ishe ni.

A bayan gari muka haɗu da wata dattijuwa riƙe da karenta a igiya. Muka gaisa, ta nuna mana wani wuri cikin doguwar ciyawa daga nesa. Sai da na ƙura ido sannan na ga ɗan barewa a dunƙule, bayansa da ɗigo-ɗigon fari, ko motsi ba ya yi sai kunne ɗaya. Tausayi ya kama ni, na ce ko maraya ne? Ta ce a'a, uwar na kusa tana kiwo, takan dawo ta ba shi nono, kuma wataƙila ɗan'uwan tagwaitakarsa na ɓoye a wani wurin. Masu ɗauka don tausayi su ke raba shi da uwarsa. Ita ce ta ba ni labarin cikin barewar: ana barbara a Yuli da Agusta, amma ɗan tayin ba ya fara girma sosai sai Janairu, don haihuwar ta faɗo lokacin da ciyawa ta fito. Allah mai iko!

Mun ɗan taɓa cikin kwarin Glen Lyon, inda hanya ta mota ɗaya ce, sai ka raɓe a wurin kaucewa wani ya wuce ya ɗaga maka hannu. A gefen hanya na ga ƙananan itatuwa kowanne cikin bututun roba. Yaya ya ce saboda barewa ne, tunda an ƙarar da kyarkeci a ƙasar tun ɗaruruwan shekaru, ba mai rage yawansu sai maharba, su kuwa tohon itace suka fi so.

La'asar a Perth muka yi ta. Kafin na zauna cin abinci Yaya ya sa na duba ƙafafuna da bakin safa, don ciyawar da barewa ke bi ba ta rabuwa da kaska, ita kuma kan ɗauko cutar Lyme. Alhamdu lillahi ban samu ko ɗaya ba.