Ranar da Na Nemi Murjanin Kaka Na Rasa

Saura kwana tara bikin ƙanwata Umma ta kira ni a waya. Ta ce, "Murjanin kakarku da na ba ki ki sake wa zare, ki kawo mini shi. Shi nake so amarya ta sa ranar kamu." Na ce, "To Umma, in sha Allahu jibi zan kawo." Na ajiye waya, na shiga ɗaki, na tsaya ina duban abin da na tara, gabana yana faɗuwa.

Kusan shekara biyu ke nan da ta ba ni shi, ƙulle a bakin wani tsohon ɗankwali. Ƙwaya 31 ne, zarensu ya ruɓe ya tsinke. Na tuna sarai na kwance ƙullin, na juye su cikin wani abu, na ce sai na sami zare mai ƙwari. Amma wane abu ne, shi ne ya ɓace mini.

Ni malamar firamare ce, shirya duwatsu sha'awa ce kawai da ta kama ni a 2015, lokacin ina zaman jego. Wata maƙwabciyarmu ce ta fara koya mini jigida, daga nan na wuce ga 'yan kunne, abin hannu, sarƙa da carbi. Nakan sayar jefi-jefi, amma yawanci kyauta nake yi. Hankalina yana kwanciya idan na zauna bayan isha'i, yara sun yi barci, ina zura dutse ɗaya bayan ɗaya.

Duk mai wannan aiki ta san yadda kayan ke taruwa. Ƙwaya goma kike buƙata, amma ba a sayarwa sai zare guda ko ƙulli guda, kowane aiki sai ya bar miki ragowa. Idan na shiga kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake cinta, ba na iya wuce layin masu duwatsu. Mai shago zai ce, "Hajiya, zo ki ga wannan, tsoho ne, ba a samun irinsa yanzu," ni kuwa sai na tsaya. Na roba da na gilashi 'yan waje kuma a Sabon Gari nake ɗibarsu. Alhazai suna kawo mini tsarabar carbi, wata 'yar ƙanwar babanmu da ke aure a Kumasi tana aiko mini da na Ghana, ƙawaye kuma duk wadda sarƙarta ta tsinke sai ta ƙullo ta a leda ta ce, "Ungo, ƙila ta yi miki amfani." Ban taɓa cewa a'a ba. Gwangwanin madara, robar man shafawa, kwalbar magani, tsohuwar langa, har da fantekar da aka kawo ni da ita, duk sun cika. Ƙarƙashin gado, saman sif, bayan ƙofa. Maigida ya taɓa taka wata ƙwaya da asuba, santsi ya kusa kwashe shi. Bai ce komai ba, ya dai ɗauka ya ɗora mini a kan madubi.

Daren da Umma ta kira, na shimfiɗa farin zanen gado a ƙasa, na fara juye gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. Dare uku na yi ina wannan aiki, kuma a nan na ga ɓarnar da na yi wa kaina. Wani jan dutse mai duhu na same shi a wuri huɗu, wato sau huɗu ina sayensa don ban san ina da shi ba. Ƙugiyoyin 'yan kunne da maɓallan sarƙa da na bari a buɗaɗɗen gwangwani sun sha damina, wasu sun yi baƙi, wasu sun yi tsatsa. Fararen nan na roba masu ƙyallin lu'ulu'u da na ajiye kusa da kwalaben humra sun saɓule, fatarsu tana tashi kamar ɓawon albasa. Zaren roba mai talewa, wanda zafin bazara ya dafa, da na ja shi sai ya tsinke a hannuna.

A dare na uku na buɗe wata robar man shafawa cike da jajayen duwatsu na roba, irin waɗanda ake yi don su yi kama da murjani. Ina zuba su a tafin hannu na ji wani ya fi sauran nauyi. Ashe a nan na juye na Kaka, don kawai na ga launinsu ɗaya. Na zauna ina tsince su, hannuna yana rawa. Na roba ba shi da nauyi, kuma idan aka duba da kyau akwai wani siririn layi a jikinsa inda bakin mazubi ya haɗu. Na Kaka kuwa idan na ɗora a kumatu sai in ji sanyi, babu biyu da suka yi daidai da juna, kuma bakin hudarsu ya lashe ya yi sumul saboda shekarun da zare ya yi yana gugarsa. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga musu ruwan lemon tsami, na gaske zai yi kumfa. Ban yarda ba, domin kumfar nan cin jikin murjanin ne tsamin yake yi, ba zan ƙona gadon Kaka don in tabbatar da shi ba. Na ƙirga, 29. Na sake ƙirgawa, 29. Na yi kuka a wurin, ni kaɗai, da ƙarfe ɗaya na dare. Washegari na sami guda a ƙasan langa. Na ƙarshen har yau shiru.

Bayan biki na ɗauki alkawarin gyara ɗakin. Da farko na raba su launi-launi, ja da ja, shuɗi da shuɗi. Ya yi kyau a ido, amma bai yi wata guda ba na gane ban yi komai ba, kuma ai raba su da launi ne ya jefa murjani cikin roba tun asali. Idan na zauna aiki, abin da na fara tambaya shi ne girman dutsen da faɗin hudarsa, zai shiga wannan zare ko ba zai shiga ba. Launi ido yana gano shi nan take, girma da iri su ne ke cinye lokaci. Sai na sake lale. Gilashi daban, roba daban, dutse na asali daban, katako da ƙashi daban, ƙarafa daban. A cikin kowane iri na raba da girma, sannan launi ya zo a ƙarshe. 'Yan mitsi-mitsin nan masu kama da yashi suna da lamba, 6/0, 8/0, 11/0, kuma idan lambar ta ƙaru dutsen raguwa yake yi. Na daɗe ina sayensu kafin in lura da haka.

Na sayi akwatin roba mai ɗakuna-ɗakuna, ina murna. Ga manyan duwatsu ya yi, amma ƙananan ranar da akwatin ya karkace suka bi ta ƙarƙashin murfi suka cakuɗe, na kwashe yammaci guda ina tsincewa. Abin da ya fisshe ni shi ne 'yar ledar nan mai zif da masu kemis ke zuba ƙwayar magani. Kowane iri da ledarsa, na rubuta a jiki inda na saya da wata da girma, sannan in jera su a tsaye cikin robobi masu nuna abin da ke ciki. Ƙarafa kuwa cikin kwalba mai murfi, tare da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Turare da humra sun koma wani ɗakin. Wurin aiki, tire nake shimfiɗa wa ƙaramin tawul, dutse ba ya gangarawa. Komai kuma ya hau sama, inda hannun autana ba ya kaiwa, don yaro ƙarami baki da hanci yake kai irin wannan abu.

Abin da ya fi rage mini saye shi ne wani littafi mai kauri da na ɗinka wa ƙwaya ɗaya-ɗaya ta kowane iri da nake da shi. Da shi nake shiga kasuwa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ake cewa, sai dai a cikin duhun rumfa idona ya sha yaudarata. Yanzu sai na fito da dutsen hasken rana na gwada da na littafi. Idan kuma aiki babba ne, nakan sayi abin da zai ishe ni gaba ɗaya, domin idan na koma bayan wata biyu sai in tarar launin sabon zuwa ya ɗan bambanta. Kabad ɗaya na ware, na ce duk abin da bai shiga ba ya fita. Ragowar roba na haɗa na yi wa yaran unguwa abin hannu da Sallah, sauran buhu-buhu na kai wata cibiya da ake koya wa mata sana'a. Na ji zafin rabuwa da su, ba zan ɓoye ba, amma da na ga 'yan mata sun zagaye tire suna zaɓa, sai raina ya yi sanyi.

Akwai waɗanda ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba. Na Bida, waɗanda Masaga, masu sana'ar gilashi na garin, ke narka tsofaffin kwalabe su yi. Na mutanen Krobo na ƙasar Ghana, da ake daka gilashi ya zama gari, a zuba a mazubin yumɓu, a kafa tsinken ganyen rogo a tsakiya, idan an gasa tsinken ya ƙone ya bar huda. Da 'yan lantana, wato na jan dutse na asali, guda shida irin na Ilori da wata tsohuwa ta sayar mini a Kurmi. Waɗannan suna cikin ƙaramin akwati mai makulli, kowanne naɗe a ƙyalle da takardar da ta faɗi ko mene ne da inda ya fito, don ko bayan raina kada wani ya juye su cikin na roba yadda na yi.

Murjanin Kaka na sake masa zare mai ƙwari, na yi ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar uwarta, ko ya tsinke ɗaya ce za ta faɗi. Da na kai wa Umma, ta karɓa ta riƙa bin su da yatsa kamar mai jan carbi. Ta kai ƙarshe, ta ɗago ta dube ni. Na ce, "Umma, ɗaya ta ɓace a hannuna, ki yafe mini." Ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya jiƙan mai shi," ta tashi ta rataya wa amarya da kanta. Har yanzu idan na yi shara a ɗakin nan, ba na kwashewa sai na tsuguna na tona ta da yatsa.