Faifan da Ya Zaunar da Ni a Kano

Daga Damagaram zuwa Kano tafiyar wuni ɗaya ce, ka bi ta Matamaye, ka tsallaka iyaka a Kwangwalam, ka ratsa Daura. Da na taso ban ɗauki kaina mai zuwa wata ƙasa ba, tunda Hausa ɗaya muke ji, alƙibla ɗaya muke kallo. Sai da na shiga wurin aiki na san na yi baƙunta. Na ce a miƙo mini turnabis, yaran suka tsaya suna kallona, ashe a nan sukundireba ake cewa. Abin da na sani da kilim su esi suke kiransa, kuran ya koma wuta, gazuwal ya koma gas. Lissafin naira ma sai da na yi watanni ina mayar da shi sefa a zuciya kafin in san ko an yi mini tsada.

Gyaran firji da kilim na koya a gida. Wani ɗan garinmu da na sauka wurinsa a Fagge shi ya haɗa ni da maigidan da ke kula da na'urorin sanyi na wani babban bene mai ofisoshi da ɗakin taro. Ranar farko da muka hau rufin benen ya buɗe wani dogon akwatin ƙarfe, na ga faifai a tsaye, ya kusa kai tsawona, cike da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Na ce, "Oga, wannan matatar ƙura ce?" Ya ce, "Ɗan Nijar, ɗora hannunka nan, sannan ka ɗora can." Ɓangare ɗaya iska mai zafi ke bugowa, ɗayan kuma mai sanyi.

Gini irin wannan tagoginsa a rufe suke, dole a riƙa fitar da iskar da mutane suka shaƙa ana shigo da sabuwa. Matsalar ita ce iskar da ake fitarwa an riga an kashe kuɗi an sanyaya ta, wadda ake shigowa da ita kuwa ta Kano ce, wadda a watan Afrilu take kai digiri 40. Faifan nan yana zaune ne a tsakanin bututun biyu, rabinsa a hanyar iska mai fita, rabinsa a hanyar mai shigowa, kowace ta fuskanci 'yar'uwarta. An yi shi da siraran fallayen alminiyam. Iska mai fita ta ratsa ramukan ta sanyaya ƙarfen, ɗan ƙaramin inji ya juya faifan da bel a hankali, bai cika wuce zagaye 20 a minti ba, sai ƙarfen mai sanyi ya faɗa gaban iskar waje ya tsotse zafinta, ya zagayo ya zubar da zafin a cikin mai fita. Faifai mai lafiya yakan kama kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na bambancin. In waje 40 ne, ciki 24, to iskar za ta isa injin sanyi a wajen 28. Digiri 12 ke nan da janareta bai ƙona gas a kansu ba.

Abin da ya fi shiga raina shi ne na laima. An shafe fallayen da wani sinadari mai shan danshi, irin ƙwayoyin silika da ake samu a ƙunshe cikin kwalin sabon takalmi. Da damina, a watan Agusta, yana ƙwace danshin iskar waje ya miƙa wa mai fita. Da hunturu kuma sai abin ya juya, ya riƙe danshin numfashin mutanen ciki ya mayar wa busasshiyar iskar da ke shigowa. Da oga ya zo nan a bayani ban bari ya ƙarasa ba. Na tashi ina ganin Buzaye da amawali a kan hanci: ka fitar da numfashi ƙyallen ya jiƙe, ka ja iska ta biyo ta cikinsa ta yi laushi. Hancin raƙumi ma haka Allah ya yi shi. Daga baya na ji cewa wani injiniyan Suwidin, Fredrik Ljungström, shi ya ƙirƙiro irin wannan faifai a 1920 don tukunyar tururi ta tashoshin lantarki.

A hunturun farko na sami gindin zama. Gas na ta ƙarewa fiye da ƙima, masu ginin har sun fara maganar a toshe bututun sabuwar iska gaba ɗaya. Wannan shawara tana ƙona mini rai, domin na ga ƙarshenta: a cika ɗaki da mutane, kafin azahar kowa na hamma, kai na ciwo, a ɗora wa abinci laifi. Na hau rufin ni kaɗai na kashe na'urar na leƙa. Bel ya tsinke yana kwance a ƙasa, injin na ta juyi shi kaɗai, faifan a tsaye cik. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, shi ya sa ba wanda ya lura. Matatun da ke gabansa sun toshe da jar ƙura, wata har ta yage, ƙura ta cika ramukan. Kwana biyu na yi ina zuƙe ta da inji ina hurawa da iska mara ƙarfi, don ruwa mai ƙarfi yana lanƙwasa fallayen ya wanke sinadarin. Na yi yawon Sabon Gari kafin na dace da bel daidai awo. Na gyara burushin da ke gefen faifan, wanda ke hana iskar biyu cakuɗuwa, na duba ɗan yankin da sabuwar iska ke wanke ramukan kafin su juyo, don kada tsohuwar iska ta biyo su ta koma ciki. Ko da haka 'yar kaɗan takan tsallake, shi ya sa ba a haɗa hayaƙin kicin ko iskar ɗakin masu cuta mai yaɗuwa da wannan faifai.

Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, sai da Maris ɗin 2024 ya kama kafin na ga mahaifiyata. A waɗannan watanni gidan oga a Kurna nake cin tuwon dare, mai ɗakinsa na aiko mini da kunu in zazzaɓi ya kama ni. Yanzu yara biyu ke ƙarƙashina. Duk Asabar da safe muna hawa rufin, kafin su taɓa sukundireba sai na sa kowanne ya ɗora hannu a ɓangarorin biyu ya faɗa mini ko faifan na juyawa.