Kibiyar da ta fi ƙarfin bakana

Wata uku na yi ina zargin hannuna. Bakan nawa na itace ne, ƙarfin jansa fam 40, ba a sassaƙa masa gurbin kibiya ba, a kan yatsana take kwanciya ta gefen hagu. Da dama nake ja. Duk wadda na saki sai ta tafi tana kaɗa gindi, ta faɗa hagun buhun ƙaiƙayin da na rataye a bayan gida.

Kawuna tsohon maharbi ne. Ranar da ya zo ya ɗauki ɗaya daga cikin kibau na kabon da na sayo, ya tanƙwara ta a gwiwa, ya ce, "Ɗana, wannan ta fi ƙarfin bakanka." Kibansa na kyauro ba su da gashin tsuntsu a gindi, don haka tun yana yaro idonsa ya saba gane wadda ba ta dace ba.

Ashe idan tsirkiya ta tura kibiya, sai ta lanƙwashe ta kewaye jikin bakan kafin ta miƙe. Mai tauri ba ta iya kewayewa, sai itacen ya ture ta hagu. Don in auna taurinta, na kafa ƙusa biyu, tazarar inci 28, na ɗora kibiyar, na rataya nauyin giram 880 a tsakiyarta. Ba ta sauka rabin inci ba. Lambar taurinta 400 ce, kuma ƙanƙantar lamba ita ce yawan tauri, abin da ban sani ba ranar saye.

Na sayo masu lamba 600, na cire wa biyu daga cikinsu gashi, domin gashi yana ɓoye laifi. Daga taku goma sai suka koma faɗawa dama: sun yi laushi. Maganinsa rage tsawo kaɗan-kaɗan. A nan na yi gaggawa, na datse inci guda daga ɗaya, ta koma hagu. Har yanzu abin yana yi mini ciwo, ko da yake tsini mai nauyi ya ɗan dawo da ita.

Ɗayar kuwa rubu'in inci nake yankewa, in harba sau shida, in duba. A yanka na uku ta shige tsakiyar masu gashin, gindinta a miƙe. Na ƙara wa tsirkiya murɗi huɗu, dukan da take yi mini a wuyan hannu ya ragu. Kawu ya karɓi bakan ya harba sau ɗaya, ya miƙo mini, ya ce in yanke sauran daidai da ita.