Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙarfe Mai Zafi

Makon jiya na tsaya inda Kawu ya damƙa ni a hannun maigidana don in koyi aikin injin juya ƙarfe, Allah ya jiƙansa. Shekaru ukun farko babu abin faɗa, shara ce da goge inji da wasa wuƙar yanka. Abin da ya zauna mini shi ne maganarsa: "Yaro, ƙarfe mai zafi maƙaryaci ne."

Na ɗauka zancen tsofaffi ne. Sai daga baya na gane lissafi ne tsantsa. Ƙarfe yana kumbura idan ya ɗumama, kusan milimita 0.012 a kowace mita kan kowane digiri ɗaya na zafi a ma'aunin Celsius, shi ya sa awo na gaskiya a digiri 20 ake yin sa. Sandar da kaurinta milimita 100 ne, in wuƙa ta ɗora mata digiri 20, ta ƙaru da 0.024. Ido ba ya gani, ko rabin kaurin gashi bai kai ba. Amma boris, wato zoben ƙarfen da sanda ke juyawa a cikinsa, yana gani.

To, ranar da har yau nake jin ta a maƙogwaro, a babbar masana'antar da na koma, ina sassaƙa mazaunin boris a injin juya ƙarfe. Kuskuren awon da zanen aikin ya yarje mini milimita 0.01 ne kacal. Na tsayar da inji ya huce, sai ga shugaban sashe a kaina.

"Malam, me kake jira?"

"Ranka ya daɗe, zafi gare shi."

"Auna ka gama, mota na jira."

Na sa maikuromita, wato ma'aunin kauri, na yi yankan ƙarshe, awo ya cika cif. Da safe sanda ta huce ta tsuke, boris yana rawa a kanta. Abin da wuƙa ta ci kuwa ba ya dawowa. Sunana aka rubuta a takardar asara, shi ko tari bai yi ba.

Har lokacin da injinan kwamfuta suka zo aka zaɓi masu koyon G-code, wato harshen da ake ba injinan umarni da shi, wannan takarda aka ciro aka tsallake ni. Na koya da kaina, da dare, Yaya shaida ce. Yaran da aka zaɓa ɗin, wajena suke zuwa tambayar me ya sa aiki ke fita daidai da safe, ya kauce da rana. Nakan ce su taɓa ƙarfen tukuna.

Na ma yi gaba da yawa. Ban ba ku labarin ranar da na manta makulli a bakin inji na kunna ba, sai mako mai zuwa.