Aikin kocin 'yan mata a kwaleji ya wuce busa usur

A 2020, lokacin da hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta ɗauko Randy Waldrum ta damƙa masa Super Falcons, ƙungiyar mata ta ƙasa, magana ɗaya na riƙa ji a majalisun 'yan ƙwallo na Jos: wai an rasa wanda za a kawo sai kocin makaranta. Gaskiya ne, a lokacin mutumin yana horar da 'yan matan Jami'ar Pittsburgh a Amurka, kuma ya ci gaba da wannan aikin yana riƙe da namu. Wanda ya ce taura biyu ba ta taunuwa yana da hujjarsa. Amma raina aikin makarantar, wannan kam ban yarda da shi ba. Kafin Pittsburgh, sau biyu yana cin kofin jami'o'in Amurka da Notre Dame, a 2004 da 2010, kuma a hannunsa muka doke Ostireliya da ci 3-2 har gida a gasar kofin duniya ta 2023. Ingila ma sai a bugun fenareti ta iya fitar da mu.

Ni ma kocin makaranta ce. Ina riƙe da ƙungiyar 'yan mata ta wata kwaleji a nan Jos, kuma ina so in faɗi abin da aikin ya ƙunsa, domin ko a cikin abokan aikina akwai masu ganin iyakarsa in rataya usur a wuya in tsaya bakin fili da yamma.

A zauren gidajen mutane aikin yake farawa. Kocin kulob yana sayen 'yar wasa, ni kuwa roƙonta nake yi a hannun iyayenta. Bara na ga wata yarinya 'yar aji ɗaya tana buga ƙwallo da silifas a bayan ɗakin kwanan ɗalibai. Ƙafar hagu ce da ita, irin wadda ba a koya wa mutum. Na ce ta zo atisaye, ta ce sai Baba ya yarda. Ranar Asabar na je Gangare na same shi. Bayan mun gaisa, bai tambaye ni kofi ko gasa ba.

"Malama, ƙarfe nawa za ta dawo gida?"

"Kafin a kira magariba tana gida, Baba, in Allah Ya yarda."

"Me za ta sa a jikinta?"

Na san za a zo nan, don haka na taho da kayan a leda. Na fito da su ɗaya bayan ɗaya na jera a kan tabarma: dogon wando da ake sawa a ƙarƙashin gajeren, riga mai dogon hannu, da hijabin wasa wanda ba shi da fil. Na shaida masa cewa tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta amince mace ta rufe kanta a fili, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da hijabinta. Ya ɗauki hijabin ya jujjuya, ya ja shi ya ga yadda yake miƙewa, sannan ya ɗaga murya: "Hajiya, zo ki gani." Sun yi 'yar magana a tsakaninsu, sai ya juyo ya ce: "Amana ce na ba ki. Amma ranar da ta faɗi jarrabawa, ranar ta bar ƙwallo." Na ce: "Baba, ai wannan dokar tawa ce tun kafin in zo."

Kada wani ya ɗauka iyaye Musulmi ne kaɗai ke ɗari-ɗari. A Tudun Wada wata uwa, shugabar mata ce a cocinsu, ta riƙe hannuna ta ce: "Anti, an ce ƙwallo na hana haihuwa, kuma wa zai auri macen da ƙwaurinta ya yi tauri?" Ba na yi wa irin wannan tambaya dariya, don uwa ce ke tsoron makomar 'yarta. Nakan gaya musu Alex Morgan ta Amurka ta haihu a 2020 ta dawo ta buga gasar Olamfik, kuma FIFA da kanta ta sa dokar hutun haihuwa na mako 14 ga ƙwararrun 'yan wasa. Da ƙwallo na hana haihuwa, wa za a yi wa dokar?

Alkawarin magariba ɗin nan shi ne ke tsara mini komai. Lakca takan kai ƙarfe huɗu. Kafin a canja kaya a taru, kwata ta wuce. Shida saura kwata dole in tashe su, domin wadda za ta Angwan Rogo da wadda za ta Bukuru ba tafiyarsu ɗaya ba, ga layin keke a Farin Gada da yamma. Da damina kuma ruwan Jos ba ya sallama, sau da yawa daidai lokacin atisaye yake saukowa. Juma'a da Lahadi ba nawa ba ne. Akwai ranar da 'yan mawaƙan coci ke da bita, akwai watan azumi da nake rage gudu mu koma kan taɓa ƙwallo da tsarin tsayuwa. Duk wanda ya zauna a garin nan kuma ya san abin da ake nufi in an ce gari ba lafiya. Na san hanyar da kowace yarinya ke bi zuwa gida da unguwannin da take ratsawa. Da zarar na ji ƙishin-ƙishin, na soke atisaye, kuma wayata ba ta hutawa sai ta ƙarshensu ta ce mini ta shiga gida. A fili kuwa ba na barin a ware ta addini ko unguwa. In za a raba gida biyu, ni nake rabawa, kuma da gangan nake cakuɗa su, don mai tsaron baya 'yar Rikkos ta saba da kiran sunan gola 'yar Jenta.

Sai karatu. A Amurka, tun da aka yi dokar nan ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati fifita maza a kan mata, ƙwallon mata a jami'a ta zama hanyar samun karatu kyauta. Duk da haka hukumar wasannin jami'o'insu ta ƙayyade wa koci awa 20 a mako a lokacin gasa, don kada ya cinye lokacin ɗalibi. Mu ma mun ci moriyar tsarin nan. Jennifer Echegini, wadda ta ci mana ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Rabat a 2025, da Jami'ar Florida State ta ɗauki kofi a 2023. Michelle Alozie ta yi digirinta a Yale, har ta yi aiki a ɗakin binciken cutar daji tana kuma buga ƙwallo. Deborah Abiodun daga Rivers Angels ta wuce Pittsburgh.

Mu a nan muna da NUGA ta jami'o'i, da NIPOGA ta kwalejojin fasaha, da NICEGA ta kwalejojin ilimi, amma ba wanda ya rubuta mini adadin awannin da zan riƙe yarinya. Ni na rubuta wa kaina. Ƙarshen kowane zango kowa za ta kawo mini sakamakonta in gani da idona. Wadda ta kwaso kari-oba biyu za ta huta, ko da ita ce mai ci mana ƙwallo. Mako biyu kafin jarrabawa ina rufe fili. In gasa ta haɗu da gwaji, ni ke bin ofis-ofis da takarda ina neman malamai su ba su wata rana, ba na tura yarinya ita kaɗai. Dalilina a fili yake: cikin 'yan matan da ke hannuna, da wuya a samu fiye da ɗaya ko biyu da za su kai ga kulob kamar Nasarawa Amazons ko Edo Queens. Sauran da takardar shaidarsu za su ci abinci. Kocin da ya ɗauki kofi da yaran da aka kora daga makaranta ya cuce su, ko da an buga hotonsa a jarida.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne gwiwa. Akwai wata jijiya a cikinta da ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, likitoci na kiranta ACL, kuma mata sun fi maza saurin tsinkewarta. Yawanci ma ba wanda ya taɓa mutum. Na ga hakan a wasan sada zumunci, ga 'yar gaban ƙungiyar da muke karawa da ita. Ta dira daga tsalle, ta juya za ta bi ƙwallo, ƙafar ta kafe a ƙasa, gwiwar ta karkata ciki. Mu da ke bakin layi sai da muka ji ƙarar. Kafin a tashi wasa gwiwar ta kumbura suntum, 'yan'uwanta kuma suna ta maganar a kai ta wurin mai ɗori. Na roƙe su su kai ta asibiti, domin wannan ba karaya ba ce balle a ɗora. Mai son komawa fili yawanci sai an yi mata aiki, sannan ta shafe wata tara ko fiye tana gyaran ƙafa. Wace ɗaliba ce ke da kuɗin wannan?

Shi ya sa ba na wasa da ɗumama jiki. Tsarin FIFA 11+ nake bi, kusan minti 20 na gudu, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da ƙarfafa cinya, da koyon dira gwiwa a lanƙwashe ba ta faɗa ciki ba. Yara sun tsane shi, su dai a jefo ƙwallo. Da hunturu filinmu yakan bushe ya yi tauri kamar daɓe, ga sanyin Jos da ke sa jiki ya ƙi sakewa, to a lokacin ma nake ƙara tsawaita shi. Ina duba takalma kuma. Yawancinsu gwanjo ne daga Katako, na maza, sun yi musu yawa har sai an cusa tsumma a gaba. Akwai tambayoyin da koci namiji kan ji nauyin yi, su ma yaran ba za su faɗa masa ba: me kika ci tun safe, kina al'ada ne, jiri kike ji? Yarinyar da ta wuni a kan garin kwaki ba raguwa ba ce in ta gaji a minti na talatin, yunwa ce. Ina da littafin da nake rubuta irin waɗannan abubuwa, ba mai buɗe shi sai ni.

Akwai kuma tsare su daga mutane. A 2022 binciken da wata lauya mai suna Sally Yates ta jagoranta ya bankaɗo yadda wasu masu horarwa suka daɗe suna cin zarafin 'yan wasa a babbar gasar mata ta Amurka, ƙasar da ke da lauyoyi da 'yan jarida ta ko'ina. To ina ga inda yarinya ke tsoron ta yi magana a ce ita ta kai kanta? Dokokina ba su da yawa. Ba namijin da zai keɓe da 'yar wasa, ko mataimakina ne. Ba kiran waya da dare, duk saƙo a zauren WhatsApp na ƙungiya. In za mu kwana a wani gari, da babbar mace ma'aikaciya muke tafiya, kuma iyaye na da lambarta. Sai masu zuwa bakin fili da ƙatuwar waya suna cewa za su kai yarinya Turai, a kawo kuɗin biza. Na gaya wa yarana: kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun ɗan wasa, FIFA ta hana fitar da wanda bai kai shekara 18 ba sai a wasu 'yan yanayi, kuma wakilin gaske yana da lasisi. Duk wanda ya zo, a turo mini shi ya nuna nasa. Yawancinsu daga nan ba na sake ganinsu.

Takardun neman mota, da kuɗin ruwan leda, da alawus, da wankin riguna, su ma nawa ne, ba sai na tsaya a kansu ba.

Ƙwallon kanta fa? Ina sonta, ita ta kawo ni. Yawancin yarana sun fara a makare, ba kamar 'yan'uwansu maza da suka tashi suna buga ta a lungu ba, don haka rabin atisayenmu tarbar ƙwallo ne da ɗaga kai kafin a ba da ita. Ba na cika musu kai da zane-zanen allo. Abin da ya fi wuya shi ne fitar da sha ɗaya. Wadda ba za ta fara ba, nakan kira ta gefe tun ana gobe in gaya mata dalili, don kada ta tsinci labarin a gaban ƙawayenta. Sai kuma minti goma sha biyar na hutun rabin lokaci, inda ake gane koci. A watan Yulin 2025 Maroko na gabanmu da ci 2-0 a Rabat, yaran Justine Madugu, kocin Falcons na lokacin, suka dawo suka ci 3-2, suka ɗauki kofin Afirka karo na goma. Mu 'yan Jos kuwa muna da namu tun da daɗewa. Marigayi Ismaila Mabo, tsohon ɗan wasan Mighty Jets, shi ya kai Falcons zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a kofin duniya na 1999. Brazil ta zura mana uku kafin hutu, muka farke duka ukun, sai a ƙarin lokaci Sissi ta Brazil ta raba gardama. Har yau ba wanda ya kai mu inda ya kai. Allah Ya jiƙansa. In an ci mu kafin hutu, labarin nan nake ba yarana maimakon tsawa, sannan in gyara abu ɗaya ko biyu, ba goma ba.

Abin da nake nema daga shugabannin kwalejojinmu bai fi ƙarfinsu ba. A daina ɗora ƙungiyar mata a kan kocin maza a matsayin ƙarin aiki, wanda sai gasa ta rage mako uku zai tuna da su. A ba su nasu kocin, da nasu lokacin a fili, da nasu kason a kasafin wasanni. Kuma a horar da mata. Eucharia Uche ta ci wa Najeriya kofin Afirka a matsayin koci a 2010, Florence Omagbemi ta maimaita a 2016, don haka ba maganar iyawa ba ce. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Surulere da ke Legas, akwai kwasa-kwasan lasisin CAF, hukumar ƙwallon Afirka. A yanzu haka 'yan ajin ƙarshe biyu ne ke jan ɗumama jiki a atisayenmu, ni ina gefe ina gyara musu, kuma na riga na shigar da takarda ofishin wasanni ina neman a biya wa ɗayarsu kuɗin kwas in ta gama.