Ƙwayar da na ba Kawu a cikin azumi

A shekararmu ta farko a makarantar koyon aikin jinya a Garwa, akwai ranar da malami ya cika allo da zane, kibiya na bin kibiya. A sama ya rubuta asid arakidonik, a tsakiya haruffa uku, COX, can ƙasa kuma furostagilandin. Da Faransanci ya yi bayani, muka kwafa, muka haddace. Abin da na fita da shi gajere ne: furostagilandin ke kawo zafi da kumburi da zazzaɓi, aikin magani kuma ya hana jiki yin sa. Da wannan na ci jarrabawa. Ragowar karatun a kan cikin kawuna na koye shi.

Shi asid arakidonik wani nau'in mai ne, mai ƙwayoyin kabon 20, yana zaune a cikin bangon ƙwayoyin halittar jikinmu. Asalin sunansa daga kalmar gyaɗa ne a Latin, amma abin dariya, babu shi a man gyaɗa. Jiki ne ke ƙera shi daga asid linoleyik da ke cikin man gyaɗa da man auduga irin wanda Sodecoton ke tacewa a garin nan, ko ya same shi kai tsaye daga nama da ƙwai. In ƙaya ta soke ka ko ka yi targaɗe, sai wani inzayim, wato sinadarin da jiki ke sarrafa abubuwa da shi, ya ɓamɓaro shi daga bangon, COX, wanda shi ma inzayim ne, ya karɓa ya juya shi ya koma furostagilandin. Wannan kuma ba ya tafiya nesa, ba ya daɗewa, a unguwar da aka haife shi yake aikinsa. Yana buɗa ƙananan hanyoyin jini, wurin ya yi ja ya ɗau zafi. Yana sa jijiyoyin jin ciwo su yi saurin ji, har gogar riga ta dame ka. In a ƙwaƙwalwa aka yi shi, wajen da ke daidaita ɗumin jiki, sai zazzaɓi ya tashi. Ciwon marar da mata ke fama da shi lokacin al'ada ma shi ne ke matse mahaifa.

Kawu dako yake yi a babbar kasuwa, buhun masara, buhun albasa, shekara da shekaru, har gwiwoyi suka gaji. Azumi ya faɗo a watan Maris, kuma duk ɗan Garwa ya san Maris: ma'auni ya haura 40, Binuwai ta ja baya ta bar yashi. Bayan asham ya tare ni a ƙofar gida.

"Likita," haka yake tsokanata tun ranar da na sa farar riga, "ba ka da abin da za ka ba gwiwar nan?"

Na ce, "Akwai, Kawu." Na ba shi dikulofenak, ɗaya da sahur, ɗaya da shan ruwa. Ban tambaye shi komai ba. Ashe yana da ibufurofen da yake saye wurin masu tallan magani a faranti, sai ya riƙa haɗa su, tunda a ganinsa launi daban, suna daban, alhali aikinsu ɗaya ne, hana COX aiki. Ba a yi mako biyu ba matarsa ta aiko a kira ni: jiri na ɗibarsa, bahayarsa baƙa ƙirin kamar kwalta. Gyambon ciki ne yake zubar da jini. Sai da aka yi masa ƙarin jini leda biyu.

Likitar da ta duba shi ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya bayan takardar magani ta zana zanen nan na allo, sai ta ƙara kibiyoyin da idona ya tsallake a aji. Furostagilandin ɗin da ke sa gwiwa raɗaɗi, shi ne a tumbi yake sa a fitar da yauƙin da ke lulluɓe bango kada ruwan narka abinci ya ci shi. Shi ne a ƙoda yake riƙe hanyar jini a buɗe lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. To ga mai azumi, yana dako cikin rana, gumi na tsiyaya, ni kuma na rufe masa wannan hanya da magani, ya ƙara da na faranti. Allah ne ya tsare ƙodarsa. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Wani abin da ta faɗa ya fi tsaya mini. Mutanenmu sun yarda cewa allura ba ta taɓa ciki, tunda ba a haɗiye ta ba, ni ma haka na ɗauka. Ba haka ba ne. Ta jini maganin ke isa tumbi ya hana COX aiki, ko ƙwaya ce ko allura. Cin abinci kafin a sha yana iya rage ƙwannafi, amma ba ya mayar da yauƙin.

Daga baya na koma littafi, wannan karon ba don jarrabawa ba. Na tarar ko manya sun daɗe suna lalube. Ulf von Euler na Suwidin, da ya raɗa sunan furostagilandin a 1935, ya zaci daga furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, abin yake fitowa, sunan ya zauna a kan kuskure. Asfirin ya shiga kasuwa a 1899, amma sai a 1971 John Vane ya nuna a Landan cewa hana yin furostagilandin ne sirrinsa, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982 tare da Bergström da Samuelsson. Da aka gano COX iri biyu ne, na ɗaya mai tsaron tumbi, na biyu mai tashi lokacin kumburi, sai aka yi magungunan da ke toshe na biyun kawai. Tumbi ya samu sauƙi, amma ɗaya daga cikinsu, Vioxx, an janye shi a 2004 saboda bugun zuciya, domin daga gidan COX ɗin nan guda ake samun mai daskarar da jini da mai hana shi daskarewa, kuma an taɓa ɗaya an bar ɗaya.

Ban tsani ibufurofen ba. Ga matashi mai ciwon haƙori, na kwana biyu ko uku, magani ne mai kyau. Amma yanzu kafin in miƙa wa mutum sai na ji shekarunsa, ko ya taɓa gyambon ciki, ko yana da hawan jini ko asma, me yake sha a gida, har in ce ya kawo ledar in gani da idona. Mai juna biyu, musamman a watannin ƙarshe, ba na ba ta, yaro mai gudawa ma haka. Wasu suna ƙosawa, su ce magani suka zo nema, ba tambayar kabari ba.

Kawu ya sha omefirazol, maganin gyambon ciki, na makonni, ya koma kasuwa, amma ya rage nauyin buhu. Farasitamol yake sha yanzu, da man shafawa a gwiwa. Jiya ma ya ce mini, "Likita, wannan farin naka bai kai wancan ƙarfi ba." Gaskiya ya faɗa, bai kai ba. Na ce, "Haka ne, Kawu," na miƙa hannu ya ba ni ledar da ke aljihunsa na duba.